A Dawo Mana da Gwaggo da Ranta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban sashen nazarin halittun ruwa, shehunan malamai maza da mata, baƙin da suka taso daga nesa, ɗalibai abokan karatun 'yata, masunta da aka gayyato, maƙwabtana da suka cika mota suka rako ni, da wanda ya samu kujera da wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ina gaishe ku gaisuwar girma.

An ce in yi magana a matsayin uwar ɗalibar da ta yi wannan bincike, wato Auta. Bari in fara da labarin gida, don tun shigowata ake tambayata. Babban ɗana lafiya lau, yana nan da sana'arsa ta walda. Matarsa ta sauka, ita da jaririyar suna cikin ƙoshin lafiya. Mai bi masa, ƙafar da ya gurɗe ta warke. Ni ma na gode Allah, sai dai gwiwa. Maigidana ne babu lafiya. Tun shanyewar ɓarin jikin da ta same shi bara, hannun dama bai dawo ba, harshe ma ya yi nauyi. Shi ya sa kujerar da kuka ajiye masa a nan gaba babu kowa a kanta.

Da hannuna na rubuto wannan jawabi. Sai da na yaye Auta na shiga ajin manya, don haka idan kun ji ina karatu a hankali, ku yi mini haƙuri. Magana uku na zo da ita.

Ta farko godiya ce. Na gode wa malamin Auta, wanda ya shiga laka har gwiwa tare da ita alhali furfura ta cika masa kai. Na gode wa masuntan da suka ɗauke ta a jirgi suka kuma dawo mini da ita. Na gode wa waɗanda suka gwada jinin wannan halitta, suka auna ƙoƙon bayanta, suka ƙirga zanen ƙirjinta, suka jera ta da 'yan'uwanta na wasu koguna, har suka tabbatar cewa wannan kififfiya, kunkurun ruwa ke nan, iri ce daban da ba a taɓa ba ta suna ba. Yayyen Auta sun daɗe suna tsokanarta, suna ce mata likitar kunkuru, suna tambaya ko marasa lafiyarta na bin layi. Yau ga su can a baya sun sa manyan kaya, bakinsu ya ƙi rufuwa.

Ta biyu, ina so ku san inda wannan kififfiya ta fito, domin hoton da kuka kafa a bangon nan hoton 'yar gidanmu ce.

Maigidana mai gyaran injin ban ruwa ne. Wata rana, tun kafin a haifi Auta, aka kira shi wai inji ya daina ja. Da ya kwance bututu, sai ya iske ta maƙale a bakin raga, ƙoƙon bayanta ya tsage. Ya shafa mata irin gam ɗin da yake liƙe bututu da shi, ya naɗo ta a tsohuwar rigarsa, ya kawo gida. Ya ce sai ta warke zai mayar da ita. Ta warke, shi kuwa ya gina mata kwamin siminti a gefen famfo, har da tudu a ciki inda take hawa ta sha rana. Yara suka sa mata suna Gwaggo, saboda yadda take karkata wuya gefe ta harare ka idan ka yi surutu. A bakin wannan kwami Auta ta koyi tsayuwa. A bakinsa ta fara tambayar abin da ya sa ƙirjin Gwaggo ke rufewa kamar murfin akwati idan an taɓa ta, har tambayoyin suka fi ƙarfinmu muka miƙa ta makaranta.

Da karatu ya yi nisa, ta dawo hutu da ma'auni, ta juya Gwaggo, ta duba wutsiya, ta ce mana ai namiji ne. Gidan ya kaure da dariya. Babanta ya ce, "Ke da karatunki. Na riga ki saninta, Gwaggo ce." Har yau haka muke kiranta, malamai ku yafe mana.

Tun da ciwo ya kwantar da shi, babu abin da ke fito da shi tsakar gida sai ita. Da safe mukan riƙo shi mu zaunar a bakin kwamin, ya riƙa jefa mata guntun kifi da hannun hagu. Sai ta ci zai karɓi nasa kwanon. Likita ya ce ya riƙa motsa harshe, to da mu ba ya son magana don yana jin kunyar yadda take fita, amma da Gwaggo sai ya yi ta hira, mu yi kamar ba ma ji.

Da Auta ta nemi ta kawo ta nan don a ƙarasa awo, ya ɗaga mata kai ya yarda. A saninsa aro ne. Ni ma haka na ɗauka. Ita kanta Auta haka ta ɗauka.

Wannan ya kawo ni magana ta uku, wadda ita ce ta hana ni sukuni.

Na zo duba Auta a ɗakin bincikenku, na ga kwalabe jere a kan teburi, kowace da halitta a cikin ruwan magani. Na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai. Ta bayyana mini cewa a ƙa'idar wannan ilmi, idan za a ba sabon iri suna, sai an ware guda ɗaya an adana jikinta, domin duk mai shakka, ko bayan ranmu, ya zo ya gwada da tasa. Kuma tunda a kan Gwaggo aka yi awon farko, a jikinta aka ɗebi jinin farko, ita aka zaɓa. Ta ce an sa ranar Laraba mai zuwa a kashe ta a sa ta a kwalba.

Na ce mata, "Kin gaya wa malaminki ko wace ce?"

Ta ce, "Inna, da wane baki? Mutumin ya gama wahala a kaina, in ce masa ya tsaya saboda kunkurun gidanmu?"

Tun daga ranar ba ta taka gida ba, don ba za ta iya haɗa ido da babanta ba. Shi kuma kullum da safe sai ya nuna kwamin da haɓa ya dube ni. Abincinsa ya ragu. Hirar ta tsaya cak.

Ya ku malamai, ban zo in ce ƙa'idarku ba ta da kyau ba. Na fahimce ta. Ni ma idan zan ɗinka wa jika riga, tsohuwar nake ajiyewa a gefe in gwada da ita. Ban kuma zo in ɓata aikin 'yata ba. Na ga ƙafafunta da suka tsattsage a ruwa, na san abin da ya ci mata. Na zo ne in faɗi abin da kunya ta hana ta faɗi, kuma na zaɓi in faɗa a gaban jama'a don kada a ce ita ta kai ƙara.

Na tambayi shugaban masunta, ga shi can zaune, zai shaida. Ya ce mini lokaci-lokaci irin wannan kififfiya takan shiga ragarsu ta mutu kafin su ja, kuma ya yi alkawarin duk wadda aka samu haka zai sa ta a ƙanƙara ya kawo muku da kansa. Roƙona shi ne ku jira wannan. Ku auna ta daga farko, ku sa ta a kwalbar. Ban sani ba ko ilminku ya yarda da haka, ban sani ba ko jinkirin zai ja wa Auta baya. Ku kuka sani. Idan da hali, ku dawo mana da Gwaggo da ranta, ƙofarmu kuma a buɗe take ga duk mai son ya zo ya auna ta. Ranar da ta mutu don kanta, ni zan kawo muku ita.

Ina roƙon amsa kafin Laraba. Kowace iri ce, ni za ku ba, kada ku ɗora wa Auta. Idan e ce, zan wanke kwamin in zuba sabon ruwa. Idan a'a ce, ni na zauna da mutumin nan tun yana da baƙin gashi, ni ya kamata in zauna kusa da shi in gaya masa. Ke kuma Auta, ɗago kanki. Ko ya amsar ta kasance, yau a motarmu za ki koma, babanki na son ganinki.

Allah ya saka wa malamai da alheri, ya ƙara wa iliminsu albarka. Allah ya tsare masu shiga ruwa, ya ba marasa lafiyarmu da naku sauƙi. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.