Gwiwar Kankuran

A mashigar jirgin fito ta Janjanbure, washegarin bikin Kankuran, wata tsohuwa ta ƙura wa tambarin bikin da ke jikin rigar wani mutum na kusa da ita ido.

"Kai ɗan kwamitin biki ne?"

"Ni ne, Inna."

"Kun kyauta. A zamaninmu in dodon nan ya fito sanye da ɓawon itace, riƙe da addunansa, ɗaki muke shigewa. Yanzu Turawa ke dafa shi ana hoto."

"Baƙin nan ke raya garin, Inna."

"Shi ya sa kuka sa shi rawa awa uku cikin rana, ga ciwon gwiwa?"

Mutumin ya waiga, ya rage murya. "Haba Inna, Kankuran aljani ne, ina ya ga gwiwa? Mace ba ta sanin na ciki."

"Na ce na sani? Ban san kowa ba."

Jirgi ya iso. Ta kwance bakin zane, ta miƙa masa 'yar kwalbar man zafi.

"Ungo, kai wa aljanin naku. Ta hagun ce. Tun yana shekara tara ya faɗo daga mangwarona."