Farar Jallabiya a Gonar Auduga

Assalamu alaikum malama mai gabatarwa, tare da masu sauraro.

Ni ne Ustaz Haruna, malamin makaranta mai ritaya a unguwar Alhilla Kuku. Shekara shida na yi ina rubuta littafi a kan iyayenmu, leburorin auduga na yankin Jazira. Da na je maɗaba'a a Umdurman duba bangon, sai na tarar an zana maza cikin fararen jallabiyoyi gogaggu suna cirar auduga. Mahaifina farar riga ɗaya ya mallaka, ta Juma'a ce, ba ta taɓa shiga gona ba.

Na rubuta ƙorafi shafi biyu. Manajan ya ce, "Ya Ustaz, ciki naka ne, bango namu ne. Haka ka sa hannu a yarjejeniya."

Na zagaya unguwa da hoton, kowa ya ce ya yi kyau. Waɗanda za su gane kuskuren sun rasu, sauran yaƙi ya warwatsa su.

Shekarata saba'in da tara. In janye littafin, ko in haƙura? Idan akwai mai sauraro da ya taɓa cirar auduga a Jazira, don Allah ya rubuto. Ko mutum ɗaya ya ishe ni.