Yadda Ubangiji Ya Cece Ni Daga Gulbi, Da Kuma Ilimin Yaya Bulus

Jama'ar Allah, gaisuwa a cikin sunan Yesu mai ceto! Sunana Rifkatu, daga Badariya. Ga yayana Bulus can a bencin baya yana sunkuyar da kai. Ku bar shi ya sunkuya.

Hutun da ya wuce muka je Argungu, muka ɗauki hayar ɗan kwale-kwalen roba wurin wani tsohon masunci, Baba Mani. Ya miƙo mana oba-oba, wato rediyon magana na hannu, mai guntuwar eriya, ya ce, "Ɗiyana, ku bar ta ga ƙaramin ƙarfi, ku riƙe ta tsaye. Kowane lungun gulbin ga ina jin ku."

Yaya Bulus, wanda ko fitilar gidanmu bai taɓa gyarawa ba, ya taɓe baki. Ya zaro wata eriya da ya sayo a kasuwa, tsawonta ya kai sandar kakkaɓo mangwaro. Ya kwance ta Baba, ya ɗaura tasa, ya murɗa ƙarfi har ƙarshe. Ni ma na yi zunubi: na yi wa tsohon dariya, na soke guntuwar eriyarsa a ɗankwalina kamar tsinken kitso.

Muna shiga ruwa Yaya ya zama Kyaftin. "Kyaftin Bulus ke magana, oba!" Sau dubu! Kifaye ma sun gaji da shi.

Sai ruwa ya ja mu cikin ciyayi. Doguwar eriya ta maƙale, ƙas, ta karye. Garin cetonta Kyaftin ya saki filafili, ruwa ya tafi da shi. Batir kuwa surutu ya kusa shanye shi; da ya danna a kan babban ƙarfi, sai oba-oba ta mutu. Ruwa yana shigowa, ni ko iyo ban iya ba.

Kyaftin ya fashe da kuka yana kiran Mama. Mama tana Badariya tana tuwo!

Na rufe ido na ce, "Yesu, na raina tsoho, ka gafarta mini. Kada ka bar ni in mutu tare da wannan." Na ɗora hannu a ka, sai na ji tsinke. Haleluya!

Na ɗaura guntuwar eriya, na mayar da ƙarfi ƙasa, na kunna, na ɗaga ta tsaye. Ta kama!

"Baba Mani, ka taimake mu!"

"Ɗiyata, mi ya faru? Ina Kyaftin?"

"Yana kuka, Baba."

"Awo, ina jin shi. Ku zamna shiru, ga ni tahe."

Ba a jima ba Baba ya iso da jirginsa, ya fitar da mu. Na gode wa Ubangiji da ya ji ƙaramar murya a kan ƙaramin ƙarfi. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ba sai da doguwar eriya yake ji ba. Yaya Bulus, ɗago kai ka ce Amin.