Na kasa faɗin sunan ɗana a gaban alƙali

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka tare da masu sauraro. Daga Hulme nake rubutowa, kuma hankalina a tashe yake.

Mun rabu da mijina, yanzu muna kotu kan wanda zai riƙe ɗanmu mai shekara tara. Na nemi lauyan kyauta, aka ce gwamnati ta daina bayarwa a irin wannan shari'a, sai dai in tsaya wa kaina. Allah ya haɗa ni da wata dattijuwar Baturiya cikin masu aikin sa-kai a kotun. Ta taya ni cike takardu, ta zauna kusa da ni, amma ba ta da ikon yin magana a madadina.

Alƙali ya ce in ba shi labarin yaron. Malam, ɗan fari ne fa! A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta yabe shi cikin mutane. Na sunkuyar da kai na ce, "Yaron yana nan lafiya." Uban kuwa ya yi ta zuba yabo.

Da muka fito, dattijuwar ta ce, "Ko sau ɗaya ba ki ambaci sunansa ba. Ina tsoron su ɗauka ba ki damu da shi ba."

Wallahi ban san inda hawaye suka fito ba. Ni da nake kai shi makaranta kullum cikin ruwan sama!

Iyaye mata, ku ba ni shawara. Saura mako biyu mu koma, kuma kun ga ko a wasiƙar nan na kasa rubuta sunansa.