Toron Giwa da Tsutsa

A bakin kogin Brantas, zamanin sarakunan Majapahit, Wangsa mai kiwon agwagi yana jiran jirgin fito, zai haye ya nemo wa jaririnsa maganin tari. Wata tsohuwa mai busasshen kifi ta tambaye shi sunan yaron.

"Gajah Lanang, Iya. Toron giwa, irin sunan mayaƙan fada."

"Ɗan nan, ka ɗora wa jariri giwa a ƙirji, kuma kana mamakin yana tari? Sunan ya yi masa nauyi. Ka dama kunun shinkafa, ka tara maƙwabta, ka sauya masa suna."

Wangsa ya ɓata rai. "So nake ya zama wani abu. Ba zai ƙare a bayan agwagi kamar ubansa ba."

"Ni ma haka na ce. Na haifi Zaki, na haifi Damisa, ko yaye ba su kai ba na binne su. Na ukun na sa masa Cacing."

"Tsutsa? Haba Iya, wa zai girmama tsutsa?"

Ta nuna ƙaton da ke tuƙo jirgin, ƙirjinsa kamar ƙofa.

"In ya iso, ka tambaye shi."