Hannu Ɗaya Ya Isa Kashe Inji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan ƙungiya tamu ta masu injinan casar shinkafa, Alhaji Mahadi, iyayenmu malamai, Hajiya Mansura da sauran mata masu inji, 'yan'uwana na Gusau da Tsafe da Bungudu, da ku ma'aikata da aka bari tsaye a bakin taga alhali ga kujeru babu kowa: ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da aka ba ni dama, ko da yake na lura sai da aka ga la'asar ta gabato aka tuna da ni, Hussaini Karakkai.

An kawo shawara a gabanmu cewa Labbo na Furfuri da abokan aikinsa, waɗanda suka kashe inji suka kafa ƙungiyar ma'aikata, kada wani a cikinmu ya sake ɗaukar su aiki. Yau za a ɗaga hannu a kai. Ina da magana.

Da farko, sakatarenmu Malam Abdulaziz ya ce ƙungiyar ma'aikata baƙuwar aba ce, wasu ne daga waje suka zugo yaranmu. Daga waje! Malam, ni sakandare na tsaya, amma ko a can an gaya mana cewa a ƙasashen da suka ƙera injin nan, sai da masaƙu suka ci yatsun mutane kafin ma'aikata su haɗa kai a gyara doka. Su wa ya zugo su? Injin ne. Mun sayo injin, mun sayo bel ɗinsa, mun sayo hayaƙinsa, sa'an nan muna mamaki don abin da yake haifarwa ya biyo shi.

Na biyu, bari in faɗi abin da ya faru, tunda an tsallake shi. A injin wani da ke zaune a zauren nan, ba zan kama suna ba, ya san kansa, bel ba shi da murfi. Labbo ya sunkuya zai ja buhu, bel ya kama hannun rigarsa ya haɗa da hannun. Mutane suka ruga wajen makunni. Mai injin ya daka tsawa: "Kar wanda ya taɓa! In injin ya mutu wa zai tada shi? Ku jawo shi kawai!" Sai wani dattijo mai ɗinkin buhu, Baba Garba, ya ce, "Alhaji, ko gangar gayya tana yin shiru." Ya kashe. Ma'aikatan duka suka fita.

Kun ji tushen ƙungiyar da kuke nema a waje. Duk wanda ya girma a Karakkai ko Furfuri ya sani: ranar gayya, in fartanya ta sari ƙafar mutum ɗaya, makaɗi zai ɗora tafinsa a kan ganga, kowa ya miƙe daga kunyarsa. Ba a komawa sai an ɗaure ciwon. Mai gona bai taɓa cewa a ci gaba don tuwo zai huce ba. Da ya faɗa, da baɗi shi kaɗai zai nome gonarsa. Mutanen nan da al'adarsu suka shigo mana. Mu ne muka tuɓe tamu muka rataye a ƙofar ofis.

Dube mu! Jiya-jiya muna kan jaki, yau mun sami fanka da kujera mai juyi, har muna ce wa 'ya'yan maƙwabtanmu "lebura". Ni da kaina na fara da dakon buhu a kasuwar hatsi ta Gusau. Babu wanda ya bar mini gado, babu wanda ya ɗora ni. Injinana da gumina na kafa su, kuma kowane bel nawa da murfinsa, ku je ku duba. Saboda haka kada wanda ya gaji injin ubansa ya tashi ya koya mini yadda ake riƙon ma'aikata.

Kuna tsoron ƙungiya? Murfin bel suka roƙa, da izinin kashe inji in an ji ihu. In wannan ne zai karya mutum, to dama can ba a tsaye yake ba.

Ku ɗaga hannuwanku in an kira, tunda Allah ya bar muku su biyu-biyu. Nawa ba zai tashi ba. Labbo, ina ganin ka can bayan taga. Gobe da safe ka zo injina na Bungudu, kai da Baba Garba da duk wanda aka kora. Kujerarka tana jikin makunni. In ka ji ihu ka kashe, ko ni ne na ce a bari. Hannu ɗaya ya isa wannan aikin.

Allah ya ba Labbo lafiya. Allah ya tsare masu aiki a gaban ƙarfe, ya zaunar da Zamfara lafiya, ya mai da kowa gidansa da gaɓoɓinsa cikakku. Mu kuma masu inji, Allah ya ba mu kunya.

Na gode.