Tagar Mota

A tasha, mota na jiran cika, wata tsohuwa ta sa hannu ta zuge tagar gefenta. Mutumin da ke kusa da ita, cikin rigar sanyi har wuya, ya ɓata rai.

"Mama, rufe mana tagar nan. Iska za ta sa miki mura, ga shekaru."

"Shekarun nawa ne ko naka?"

"Don lafiyarki na faɗa."

"Ɗan nan, shekara talatin na yi ina shara a asibiti. Da na shiga ɗakin marasa lafiya taga nake fara buɗewa, in na fito in wanke hannu. Mutum uku na tari a motar nan, ka ce in rufe mu?"

"Ni dai ba na yarda iska ta taɓa ni."

"Ai da gani."

Ya buɗe baki zai rama, atishawa ta riga shi, har sau uku. Ta lalubo hankici a jaka, fari tas, ko karin guga bai baje ba.

"Ungo. Shekara huɗu ke nan da jikata ta saya mini. Yau dai Allah ya kawo mai bukata."